Butar Yaya Ilu

Tun a Damagaram na fara jin haushin butar nan. Ƙaramar buta ce ta roba, shuɗiya, da igiya ɗaure a wuyanta, kuma Yaya Ilu ya fi kula da ita a kan jakar kayansa. Kwana biyu muka yi a tasha muna jiran motar Agadas. Duk wanda ya nemi aronta yana ba shi, amma zai zuba wa hanyar da aka bi da ita ido har sai an dawo. Na ce masa, "Yaya, Libiya fa za mu. Can ma ana sayar da buta." Ya ce, "Ka taɓa zuwa?" Ya kama ni, don kafin wannan tafiyar ban taɓa wuce Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar, ba.

Yaya Ilu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya sa ni boko da abin da yake samu a dillancin awaki a kasuwar Mai'adua. Na yi karatu har na zama malamin ilimin halittu a wata makarantar kuɗi a cikin Daura, inda albashin ba ya ganin tsakiyar wata. Shi ya san dabba da hannu, ni na san ta a allo. Da kasuwa ta yi masa sanyi shekara biyu a jere, aka ce mana ana neman masu kiwo a Libiya, sai muka ɗaura niyya tare.

Akwai abin da aka san shi da shi a unguwarmu, wato riƙon alwala. Alwalar da ya yi ta Azahar ita yake kaiwa har Isha. Wajen malaminsa na zaure ya ɗauko ɗabi'ar, kuma mutane suna yaba masa, har liman yakan ba da misali da shi. A gida wannan bai taɓa cutar da shi ba, domin da ya sallame Isha zai zauna ya ɗaga kwanon sha ya shanye, ga fura, ga randa a cike a gindin darbejiya.

Daga Agadas aka loda mu a bayan wata farar mota, mu ashirin da wani abu, kowa da sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, kowa da jarkarsa ɗinke cikin buhu. A rana ta biyu muka wuce ayarin raƙuma suna tafiya a inda ko ciyawa ɗaya babu. Wani mutumin Zango da ke kusa da ni ya ce, "Su kuma waɗannan me suke sha?"

Malami ba ya jin tambaya ya ƙyale, ko da leɓensa ya tsage. Na gyara zama na soma darasi. Na ce abin da ke cikin tozon nan kitse ne, ba ruwa ba. Dabarar raƙumi ita ce ba ya ɓarnar abin da ya sha. Da rana yana barin jikinsa ya ɗauki zafi maimakon ya yi ta zubar da gumi, in sanyin asuba ya zo ya sauke zafin. Fitsarinsa ɗan kaɗan ne mai kauri, kashinsa kuwa busasshe ne har ana hura wuta da shi. Mutane suka yi tsit suna sauraro, kaina ya kumbura. Sai na ƙara wata magana da ba ta cikin kowane littafi da na karanta. Na ce, "Ai jiki sabo yake yi. In ka saba masa da ruwa kaɗan, kaɗan ɗin zai ishe shi."

Aka sa mini suna Malam Raƙumi. Yaya Ilu ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ashe dai awakina ba su tafi a banza ba." Na ji daɗin maganar har cikin raina. Yau in na tuna ta sai in ji kamar in tsinke harshena.

A Sabha, cikin Libiya, muka faɗa hannun wani mutumin wajen Mashi da ya daɗe a can. Da jin bakinmu ya rungume mu, ya tambayi unguwarmu, ya tambayi ko har yanzu ana cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi yadda ya bar ta. Ya sa aka tuƙa mana tuwo da miyar kuka. Bayan kwanaki muna cin busasshen burodi, ƙanshin daddawar nan ya kusa sa ni kuka. Ya ce ya samo mana aiki a gona, ga rijiyar burtsatse, ga inuwar dabino, dabbobi 'yan kaɗan. Ya ce, "Ku 'yan gida ne, ba zan tura ku inda zan ji kunyar iyayenku ba." Mun yarda da shi saboda tuwon da kuma harshen.

Awa huɗu motar ta yi da mu cikin rairayi kafin ta tsaya. Babu gona, babu rijiya, babu dabino. Garke ne kawai a fili: shingen waya, raƙuma, tumaki masu yawa, wata rumfar kwano da kaji a ciki, kare ɗaya, da tanti ɗaya na mutane. Mai garken Balarabe ne da ba ya magana da mu sai da yatsa. Ya karɓi takardunmu ya sa a aljihu, ya nuna mana wani tsohon Buzu, ya hau mota ya tafi.

Tsohon sunansa Agali, daga wajen Arlit yake, yana jin Hausa sosai. Shi ya gaya mana yadda zaman wurin yake. Motar ruwa tana zuwa ranar Asabar kawai. Tana cika babban tanki na dabbobi, sannan kowane mutum a cika masa jarka ɗaya. Jarkar nan ita ce shanka, ita ce wankanka, ita ce tsarkinka, har wata Asabar ɗin. Ruwan tanki kuwa da an zuba shi direba yake juye masa wani garin magani na dabbobi, ya koma rawaya kamar an jiƙa kurkum, yana wani irin wari. Agali ya ce, "Kada ku sha shi. Na ga wanda ya sha, kwana uku yana gudawa."

Yaya Ilu ya leƙa kwamin da tumaki ke sha, ya ɗebo ruwan a tafin hannu, ya shinshina, ya zubar. Ya ce, "Launinsa ya sake, ƙanshinsa ya sake. Wannan ba ya alwala." Agali ya ce, "Gaskiya ne, shi ya sa nake taimama. Ga rairayi nan Allah ya shimfiɗa mana." Yaya ya ce, "Ina da ruwa mai tsarki a jarka, in kama ƙasa?" Agali ya ce, "Ruwan shanka ne, Malam Ilu. Mai tsoron ƙishirwa an yi masa rangwame." Yaya ya ce, "To ni ban ji tsoron ba tukuna." Ya tsiyayi ruwa daga jarkarsa ya cika butarsa. Ni dai tun ranar na bi Agali, na koma buga ƙasa.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, wuyar yi gare shi. Da asuba mu fitar da tumaki su ɗan zaga, mu dawo mu sauke buhunan abinci, mu share, mu cika kwami da bokiti. Kafin hantsi ya ɗaga riga ta jiƙe ta bushe, ta bar farin gishiri a baya. In rana ta take sai duk mai rai ya nemi dabararsa. Tumaki su cusa kawunansu ƙarƙashin juna suna haki. Kare ya haƙa rami a gindin tanki ya kwanta, harshe a waje. Kaji su buɗe baki, su saki fukafukai, maƙogwaronsu na rawa. Mu kuma mu shige tanti mu zauna muna zufa, ba mai iya barci.

A wannan zaman na rana ne Yaya Ilu ya mayar da ni makaranta. Shi yake kawo tambaya, ni in amsa, Agali yana dafa shayinsa a 'yar ƙaramar buta ta ƙarfe yana jinmu.

Wata rana ya ce, "Malam, shekarata nawa ina ganin kaji, ban taɓa ganin kaza ta yi fitsari ba." Na ce, "Tana yi, Yaya. Farin nan da kake gani a kan kashinta, shi ne. Tsuntsu ba ya zubar da dattin jininsa da ruwa kamar mu. Yana mayar da shi farin abu mai kauri, ya riƙe ruwan a jikinsa." Ya tashi ya fita cikin ranar nan, ya je rumfar kaji ya duba, ya dawo yana girgiza kai. Ya ce, "Ikon Allah."

Wata rana kuma ƙadangare ne. Akwai wani babba mai ƙayoyi a jela da yake fitowa kan dutse da safe ya baje, in rana ta yi zafi ya shige rami. Na ce shi ba shi da wutar jiki tasa ta kansa. Rana ce take ɗumama shi, inuwa take sanyaya shi, ba ya gumi, ba ya haki, kuma kashinsa ma da farin nan a baki irin na kaza. Daga nan muka koma kan wasu ƙananan ɓeraye masu dogayen ƙafafu da ke satar hatsin tumaki. Na ce waɗannan kam har su mutu suna iya ƙin kai baki ga ruwa. Daga ƙwayar hatsin da suka ci jikinsu yake samar da ɗan abin da yake buƙata, su wuni a rami, fitsarinsu ɗigo biyu.

"Har su mutu?" in ji Yaya.

"Har su mutu," na ce, ina jin kaina kamar wanda ya halicce su.

Ranar da kewar gida ta fi damunmu, hirar damina muka yi. Muka tuna yadda kwaɗi ke cika kududdufin bayan gidanmu da kuka daren ruwan farko, bayan sun shafe rani a binne. Na ce kwaɗo ta fatarsa yake sha, shi ya sa in ƙasa ta bushe yake nutsewa inda da sauran laima. Yaya ya tuna yadda suke haƙo gaiwa daga busasshen taɓo suna yara, a same ta a naɗe da rai. Na ce ita tana tara dattin a jikinta ne, tana jira, ranar da ruwa ya sauka ta zubar gaba ɗaya. Kifin rafi kuwa matsalarsa akasin tamu ce, ruwa ne yake shigar masa jiki ko bai so ba, don haka wuni yake yana fitsari. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To shi kifi ba shi da alwala ke nan." Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji a ƙasar.

Abin da ban lura ba shi ne tambayoyin nan duk hanya ɗaya suke bi. Ni ina ganin sha'awar ilimi ce. Ashe shi lissafi yake yi da jarkarsa. In ya sha ruwa zai yi fitsari. In ya yi fitsari sai tsarki, sai sabuwar alwala, buta ta tafi. In kuwa bai sha ba, alwala ɗaya za ta kai shi daga Asuba har Isha, jarka kuma ta kai Asabar. Sai ya zaɓi ya rage sha. Yakan kurɓi kaɗan da asuba, ya wuni yana ɗaukar buhu cikin rana, sai bayan Isha ya ƙara ɗan kofi. Ga raƙumi yana yi, ga kaza, ga ɓera, kuma ga ƙanensa mai ilimi ya ce jiki sabo yake yi.

Rabin darasin da ban ba shi ba, na san shi sarai. Na sha zana shi a allo. Kowace dabba da irin ƙodar da aka yi mata. Ta ɓeran hamada da ta raƙumi suna iya matse fitsari su tatse ruwan cikinsa yadda tamu ba za ta taɓa iyawa ba. Ɗan Adam da gumi yake sanyaya jikinsa, kuma ƙodarsa sai da ruwa take wanke jini. In ruwan ya yi kaɗan ba sabawa take yi ba, ƙonewa take yi a hankali. Ban faɗa ba saboda labarin ɓeran da ba ya sha ya fi daɗin ji, kuma ni mutum ne mai son a ce ya iya labari.

Agali ne ya fara ankarar da ni, a wata na uku. Muna shayar da raƙuma ya ce, "Malam, ka ƙirga sau nawa yayanka yake zagayawa bayan shinge?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce, "Ni na ƙirga. Sau ɗaya, wata rana ma babu." Ya nuna wata taguwa da ta kafa kai a kwami tana zuƙa ba ko ɗagowa, cikinta yana cika muna gani. Ya ce, "Ka gaya masa raƙumi yana haƙuri da rashi. Ka gaya masa yadda yake yi in ya ga ruwa? Shekara arba'in ina tare da su, ban taɓa ganin wanda ya ga ruwa ya kau da kai ba."

Washegari na bi bayan Yaya daga nesa, ina jin kunyar kaina. Da ya tashi ya tafi na je na duba wurin. Ɗan jiƙon bai fi tafin hannu ba, launinsa kamar shayin Agali.

Amma ta ina ƙane zai fara yi wa wansa maganar fitsari? Mutumin da ya sa aka yi mini kaciya ya yi jinyata, wanda ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. Kwana biyu ina juya maganar. A na uku na ce, "Yaya, ruwan da kake sha ya yi kaɗan." Ya ce, "Yana isata." Na ce, "Ƙoda tana son ruwa. In babu tana lalacewa." Ya dube ni ya ce, "Ba kai ka ce jiki sabo yake yi ba?" Na ce, "Raƙumi nake nufi." Ya ce, "A'a, Malam. A mota ka faɗa, ina zaune. Mutane ka ce." Na ce, "To kuskure na yi." Ya ce, "Da can da ba ka ga wuya ba ka faɗi gaskiya, yanzu da tausayina ya kama ka kake sakewa. Ka bar ni da Ubangijina. Ƙasar da ba a kiran salla, ba jam'i, ba Juma'a, abu ɗaya da na zo da shi daga gida shi ma in ajiye?"

Ya kamata in yi masa tsawa, in ɓoye butar, in fasa ta ma. Ban yi ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya ba da lada," kamar yadda aka koya mini in ce wa babba.

Agali bai yi masa musu ba, sai ya bi ta bayan gida. Kullum in Yaya ya fita da tumaki, tsohon nan zai tsiyayi kofi biyu daga jarkarsa ya zuba a ta Yaya. Ni ma na shiga yin haka. Yaya ya ga ruwansa yana auki, ya yi hamdala, ya ce albarka ce. Ranar Juma'a ya ɗebi rarar ya yi wankan Juma'a da ita. Na ga Agali ya juya baya yana goge ido da bakin rawaninsa.

Sai ciwon baya ya zo, daidai ƙugu. Direban motar ruwa yana sayar da ƙwayar ciwon jiki, ja da fari, wadda duk leburori suke sha. Yaya ya riƙa haɗiyar biyu da safe biyu da yamma, kusan a bushe. Wannan kam ban san tana cin ƙoda ba sai daga baya. Na ma taya shi ciniki.

A tsakiyar bazara wata Asabar motar ruwa ba ta zo ba. Lahadi ma shiru. Ranar Litinin da azahar ina cikin tanti na hango tumaki sun watse, babu kowa a bayansu. Na ruga. Na same shi a kife a gindin shinge, butar tana rataye a kafaɗarsa da sauran ruwa a ciki. Na taɓa goshinsa, zafi kamar murfin tukunya, kuma a bushe ƙayau. Babu ɗigon gumi ko ɗaya. Na san ma'anar wannan. Jikin ya ƙare ruwan da zai sanyaya kansa da shi.

Muka ja shi inuwa. Agali ya kwaso ragowar ruwan rawayan nan na ƙasan tanki ya yi ta kwara masa, ni ina fifita da murfin kwali. Na kwance butar na ɗaga kansa na kafa masa a baki. Yana cikin magagi ya kau da kai, ya ce, "Na La'asar ne." Na matse masa muƙamuƙi na ɗura. Tunda nake ban taɓa sa masa hannu da ƙarfi ba sai ranar.

Motar ta zo da yamma. Ya farfaɗo, muka yi ta ba shi ruwa, yana sha ba musu. Muka ce an tsira. Amma ruwan yana shiga, ba ya fita. Kwana biyu ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika, yana amai, bakinsa yana wari irin na makewayi. Da mai garken ya zo ya gan shi, sai ya nuna mana bayan mota. Agali ya cusa mini ƙullin ganyen shayi da sukari a aljihu, ya riƙe hannun Yaya ya daɗe bai saki ba. A ƙofar wani asibiti a Sabha Balaraben ya sauke mu, ya jefo mana takardunmu ta taga, ya ja motarsa. Mutumin Mashi kuwa wayarsa ba ta sake shiga ba.

Wata likita 'yar Sudan ce ta tsaya mana. Ba ta tambayi izinin zamanmu ba. Ta duba shi, ta ɗebi jini, ta kira ni gefe muka yi magana da Turanci. Ta tambayi aikinsa, ta tambayi abin da yake sha, na nuna mata ƙwayar. Ta tambaye ni aikina a gida. Da na gaya mata sai ta ɗago ta dube ni. Ta ce ƙodojin biyu sun tsaya, kuma da wuya su tashi, domin ɓarnar ta daɗe tana yi. Ta sa aka ɗora shi a injin wankin ƙoda har sau huɗu, ta kuma haɗa mu da masu mayar da 'yan ci-rani gida. Da jirgi muka dawo Kano. Tafiyar da ta ci mana makonni a zuwa, awa kaɗan ta ci a dawowa, kuma duk hanya yana jingine a kafaɗata da butarsa a cinya.

Shekara biyu ke nan. Na koma aji. In na zo darasin ƙoda ina farawa da ta mutum, in daɗe a kanta har yara su gaji, sannan in zo kan raƙumi. Sau biyu a mako muna hawa mota daga Daura zuwa Katsina a wanke masa jini, mu dawo da la'asar yana layi. Awakin da suka rage sun tafi, gonar gado ta bi su.

Likitan Katsina ya kafa masa doka. Tunda ruwa ba ya fita, kada ya wuce ƙaramin kofi biyu a wuni, har da na shan magani. In ya ƙara, ruwan zai taru a huhunsa. Matarsa Hajara ce take aunawa, ta ja zare a jikin kofin. Randa tana nan a gindin darbejiya, a cike, da sanyinta. Mun daina sha a gabansa. Ni nakan ɗebi nawa in zaga bayan ɗaki, don kada ya ji ƙarar haɗiya.

Fitsari ya ɗauke masa gaba ɗaya. Yanzu in ya cika butar nan da asuba ya yi alwala, tana wuni a bakin ƙofa ba ya sake taɓa ta. Wani baƙo da ya zo masallacinmu kwanan baya ya lura, ya ce da ni, "Wannan bawan Allah da alwala ɗaya yake salla biyar? Kai, Allah ya ba mu irin himmarsa." Na ce amin.

Da damina ta faɗi bana muna zaune a zaure da hantsi, an kwana ana ruwa, kwaɗi suna ta kuka a kududdufi. Leɓensa ya bushe, ya riga ya sha kofin safe, na yamma kuma da sauran nisa. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo. Can ya ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"A cikin dabbobin nan naka duka, kaza da ƙadangare da ɓera, akwai wadda ba ta fitar da komai sam?"

Na ce, "Babu, Yaya. Kowacce tana fitarwa, hanya ce ta bambanta."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ka riƙa faɗa wa yaran har da wannan." Ya miƙa hannu waje, ruwan indararo ya cika masa tafi. Ya dube shi, ya shafa a wuyansa, bai kai baki ba.